Zauren Tambaya: Sarkin Jamus da Ya Gina Ɗakin Sarauta Ba Karaga

Tare da Baba Malam, daga ƙasar Ringim

Tun da na ambata a fitowar da ta wuce cewa na taɓa zaman karatu a Jamus, wasiƙu suke ta shigowa a kan sarakunan ƙasar da fadojinsu. Na zaɓi uku. Ta farko ta ci fili da yawa, sauran biyun su yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni magini ne, kuma gadon gidanmu ne. Dagacinmu ya ba ni aikin gyaran zaurensa kafin Babbar Salla, ya ce yana son ado irin wanda ba a taɓa gani ba a yankinmu. Ɗansa da ke karatu a birni ya turo mini wani hoto ta WhatsApp, ga shi na haɗo maka. Wani ɗaki ne a Jamus, ko'ina ruwan zinariya, ginshiƙai ja da shuɗi, wata ƙatuwar fitila tana reto daga sama, ga matakala fara ƙal. Ya ce wai ɗakin gadon sarauta ne. To ni na duba sama na duba ƙasa ban ga gado ba, matakalar ta hau ta ƙare a fili. Ina gadon? Mene ne ma'anar zane-zanen? Kuma akwai abin da zan ɗauka in sa a zauren dagaci? Daga Sa'idu Magini, ƙasar Gezawa, Jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam Sa'idu. Ba gizo idonka yake yi maka ba. Babu gado a wurin, kuma ba sace shi aka yi ba, tun asali ba a taɓa girka shi ba.

Ɗakin yana cikin fadar Neuschwanstein, a kan wani tsauni a ƙasar Bavariya, kudancin Jamus, dab da iyakar Ostiriya. Na shiga cikinsa a ayarin 'yan kallo, mai yi mana jagora yana gaba yana zuba bayani, wani ayarin yana bayanmu yana jiran mu fice. Wanda ya gina shi Sarki Ludwig na Biyu ne. Ya hau sarauta a 1864 yana ɗan shekara 18, ya aza harsashin fadar a 1869, ya rasu a 1886 ba a gama ta ba. An tsara masa karaga ta zinariya da hauren giwa, wadda za a ɗora a ƙarshen matakalar nan da ka gani. Ajali ya riga masu aikin, sai aka soke.

Bari in bi maka ɗakin yadda magini zai bi shi, daga ƙasa zuwa sama. Tsawonsa mita 20, faɗinsa 12, tsayinsa 13, ya haɗiye hawa biyu na ginin. Daɓen ba tayil ba ne. 'Yan mitsi-mitsin duwatsu ne masu launi aka jera ɗaya bayan ɗaya har suka fitar da siffar dabbobi da tsirrai. Wannan ita ce duniya. In ka ɗaga kai kuma sai ka ga ƙubba shuɗiya da taurari, ga rana a tsakiya, wato sama ke nan. Fitilar da ka ce tana reto tana tsakanin su biyun, kuma in ka ƙara duba hoton za ka ga siffar kambin sarauta gare ta, irin na sarakunan Rumawan gabas da suka yi mulki a birnin da yanzu ake kira Istanbul. Kyandir 96 take ɗauka, nauyinta ya kusa tan guda, sauko da ita ake yi in za a kunna. To ka haɗa lissafin da kanka: ƙasa a ƙasa, sama a sama, kambin sarki a tsakani. Abin da Ludwig yake faɗa shi ne, sarki tsani ne tsakanin Ubangiji da talikai, kuma sarautarsa daga sama ta sauko, ba majalisa ce ta ba shi ba.

Bangon da ke bayan gurbin karagar ya ƙara nanata maganar. Lanƙwasasshe ne, an shafe shi da ruwan zinariya. Can sama an zana Annabi Isa (AS) yadda Kirista suke suranta shi, Nana Maryamu a gefe ɗaya, Annabi Yahaya a ɗaya gefen. Ƙarƙashinsu sarakuna shida ne a tsaye tsakanin itatuwan dabino, dukkansu waɗanda coci ta ɗauka waliyyai ne. A cikinsu akwai Istifanus na Hungari, da Edward na Ingila, da Henri na Biyu na Jamus, da Luwis na Tara na Faransa, wanda takwaran Ludwig ne. Wannan Luwis ɗin, in ka san tarihi, shi ne wanda Musulmin Masar suka kama a 1250 zamanin yaƙin 'yan Salibiyya, sai da aka biya fansa aka sake shi. Hagu da dama na matakalar kuma Hawariyawa goma sha biyu ne. Da an sa karagar, da Ludwig zai zauna daidai ƙarƙashin sarakunan nan shida, ya zama na bakwai ba tare da an rubuta ba. A bangon da ke fuskantarsa akwai wani jarumi a kan doki, waliyyi Jorj, yana soke dodo da mashi, alamar gaskiya tana kayar da ɓarna. Tsarin ɗakin gaba ɗaya na coci ne, daga Aya Sofiya ta Istanbul aka kwaikwayo shi, da wata cocin fada da ke Munik, babban birnin Bavariya.

Sai dai lokacin da ake wannan gini, Ludwig ba shi da ikon da bangon yake faɗa. Tun 1818 Bavariya take da kundin tsarin mulki, da majalisa, da ministoci. A 1866 ta shiga yaƙi a gefen Ostiriya, Purusiya, babbar masarautar arewacin Jamus, ta ci su, aka ɗaure Ludwig da yarjejeniyar da ta sa sojojinsa ƙarƙashin Sarkin Purusiya duk ran da yaƙi ya tashi. A ƙarshen 1870 Bismark, wazirin Purusiya, ya tsara wasiƙa aka kawo wa Ludwig ya sa hannu, yana roƙon Sarkin Purusiya ya zama Kaisa, wato sarkin sarakuna, a kan dukkan Jamusawa, har da shi mai roƙon. Bikin naɗin da aka yi a Janairun 1871 ƙin zuwa ya yi. Ya janye jiki daga mutane, yana barci da rana yana tashi da dare, yana ta gine-gine a ƙauyuka da tsaunuka. Ɗakin nan ba don zaman fada aka yi shi ba. Ba jakadan da aka taɓa karɓa a ciki, ba talakan da ya taɓa faɗuwa ya yi gaisuwa ya kawo ƙara. Bashi ya yi masa katutu, ya kai mak miliyan 14 na kuɗinsu na lokacin. Ministocinsa suka sa likitoci suka rubuta cewa ya taɓu, aka tuɓe shi, aka zo har fadar nan aka tafi da shi. Washegari, 13 ga Yunin 1886, aka tsinci gawarsa da ta likitansa a tafkin Starnberg. Ba a yi wata biyu ba aka buɗe fadar ga masu biyan kuɗin shiga.

Kai da kake magini, ga wadda za ta ba ka dariya. Ginshiƙan nan, ja na ƙasa da shuɗi na bene, ba duwatsu masu daraja ba ne. Yaɓe ne aka goge aka yi masa launi har ya yi kama da su, ƙarfe ne yake ɗauke da nauyin. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba. Amma aikin hannun, tsakani da Allah, ya kai a jinjina wa masu shi.

Yanzu ka bar kudu ka tafi can yamma, birnin Akhen, kan iyakar Beljiyam da Holan. A can akwai karagar da ta fi kowace daraja a tarihin Jamus, kuma da za ka gan ta a ƙofar gidan wani, ko waiwaye ba za ka yi ba. Fallayen farin mabul ne aka haɗa da maɗauran tagulla, ba zinariya ba sassaƙa. Ana danganta ta ga Sharlaman, wanda ya rasu a 814, sarkin nan da ya yi musayar jakadu da Halifa Harunar Rashid na Bagadaza, har Halifa ya aiko masa da giwa mai suna Abul Abbas, ta iso Akhen a 802. Daga 936 zuwa 1531 sarakunan Jamus 31 aka naɗa a cocin da karagar take, kuma bayan an ɗora wa mutum kambi sai ya hau ya zauna a kan duwatsun nan, sannan naɗi ya cika.

Ita ma tana magana, amma ƙasa-ƙasa. Matakalarta shida ce, adadin matakalar karagar Annabi Sulaiman (AS) kamar yadda littafin Yahudu da Kirista ya siffanta ta, don haka duk wanda ya hau yana cewa shi magajin mai hukunci da adalci ne. Duwatsun kuwa tsofaffi ne tun kafin a haɗa su, masana da yawa suna ganin daga Kudus aka kwaso su, daga cocin da Kirista suka fi girmamawa a can. A jikin ɗaya daga cikinsu har yau ana ganin layukan wani wasa irin dara, wanda wasu suka karta zamanin da dutsen yake shimfiɗe a ƙasa ana taka shi. Ba a goge ba, domin darajar dutsen inda ya fito ne. A bene aka ɗora karagar, tana fuskantar gabas, mai zama yana hangen kowa a ƙasa. Ƙarƙashinta akwai wata 'yar kafa da mutane suka riƙa sunkuyawa suna bi don neman tubarraki, har gefen dutsen ya yi sumul. Ko fitilar Ludwig ma tana da kaka a nan, domin a ƙarni na 12 Sarki Barbarosa ya ba cocin wata babbar fitila mai siffar ganuwar birni, tana nan tana reto har gobe.

Abin da na lura da shi a iya ɗan yawona: sarkin da yake riƙe da iko na gaske bai cika damuwa da bango ya yi masa kirari ba. Wanda ikon ya suɓuce masa, ko wanda sabon shiga ne, shi yake cika bango da hujja.

Kakan Ludwig, wato Ludwig na Ɗaya, yana cikin sababbin shiga. Gidansu, Wittelsbach, yana mulkin Bavariya tun 1180, amma zama sarki mai kambi sabon abu ne gare su, a 1806 suka same shi ta hannun Napoleon na Faransa. A Faris aka ƙera kambin, kuma ba a taɓa yin bikin ɗora shi a kan kowa ba, a kan matashi ake ajiye shi ranar biki. Da Ludwig na Ɗaya ya tashi gina babban ɗakin karaga a fadar Munik, wanda aka gama a 1842, sai ya sa aka zuba mutum-mutumin tagulla goma sha biyu, kowanne ya fi mutum tsawo, aka shafe su da zinariya, aka jera su dama da hagu tsakanin ginshiƙai. Duka magabatan gidansu ne, har da sarakunan Suwidin biyu da suka fito daga gidan. Baƙo kafin ya isa gaban sarki sai ya ratsa tsakaninsu. Aikin da Sankira yake yi da baki a fadojinmu, yana jero wane ɗan wane jikan wane, shi suka sa tagulla ta yi. Shi ma Kaisa na farko, Wilhelm, da zai buɗe majalisar sabuwar daular a Balin a Maris ɗin 1871, wata tsohuwar karagar tagulla ta ƙarni na 11, 'yar garin Goslar, aka ɗauko aka girka masa, don daular da ba ta cika wata uku da haihuwa ba ta yi kamannin tsufa.

Sauran alamomin ba su da wuyar ganewa. Mikiya ta Purusiya ce da daula, zaki na Bavariya ne, jan karan-miski launin mulki ne, rumfar da ake kafawa a kan karaga kuwa aikin lema take yi.

To me za ka ɗauka? Hotunan mutane dai ka san ba za su shiga zauren dagaci ba, kafin ka gama kan ɗaya liman ya daina zama a wurin. Ruwan zinariya babu kuɗinsa, in ma akwai, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta dushe shi. Abin ɗauka shi ne tsarin: komai a wurinsa da dalili, ido kuma ya san inda zai sauka. Ka tsaya a bakin ƙofa ka duba inda dagaci yake shimfiɗa buzunsa. Bangon da ke bayansa shi za ka kashe wa ƙarfi, sauran ka sassauta musu. Ka ɗaga masa dakali kaɗan, taki ɗaya ya isa. In rufin na azara ne da bakan gizo, ka bi bakan da zane har ka kai ido tsakiya, inda magabatanku suke manna tasa.

Sannan ka je ka zauna da dattawan garin ka tambaye su wa ya sari garin, da me kuma aka san shi. In maharbi ne, ga baka da kwari. In malami ne, ga allo da gafaka. In garin marina ne ko na maƙera, kowanne da kayan aikinsa. Dagi kuwa ba sai na koya maka ba. Inda zan ja kunnenka shi ne kada ka sa alamar da ta fi ƙarfin mai zauren. Tagwayen masu na Sarkin Kano ne, ran da hakimi ya zo rangadi ya gan su a bangon dagaci, kai da shi za ku yi bayani. Ka faɗa masa wannan cikin ladabi tun kafin ka kwaɓa ƙasa.

In bangon na tubali ne, kada ka yarda a matsa maka ka lafta masa siminti. Yana riƙe danshi, ba a daɗewa zai ɓamɓare ya sauko da zanen gaba ɗaya. Makuba a waje, farar ƙasa da shuni da jar ƙasa a ciki. In ka samu shiga birni, ka leƙa Gidan Makama ka ɗaga kai ka kalli rufin da kyau. Ka gaishe mini da dagaci, Allah ya ja zamaninsa.

TAMBAYA: Baba Malam ina wuni. Malaminmu na tarihi ya ce yanzu babu sarki a Jamus. To su wa suke zaune a fadojin? Kuma me ya sa nake jin sunan sarakuna barkatai a ƙasa ɗaya? Daga Hadiza, ɗaliba, ƙasar Babura, Jihar Jigawa.

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Malaminku ya yi gaskiya. Daular da aka kafa a 1871 haɗakar ƙasashe 25 ce: manyan masarautu huɗu, wato Purusiya da Bavariya da Saksoni da Württemberg, sai ƙananan sarakuna masu riƙe da ƙasashe 18, sai birane uku masu cin gashin kansu. Kowane mai sarauta da fadarsa, shi ya sa suke da yawa. A Nuwamban 1918, da aka ci su a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji da ma'aikata suka yi bore, cikin 'yan makonni duk suka sauka. Na Bavariya ya bar Munik cikin dare ranar 7 ga wata. Ranar 9 aka sanar da saukar Kaisa Wilhelm na Biyu, ya tsere Holan, ya zauna can yana saran itace har ya rasu a 1941. Jikokinsu suna nan, wasu da gidajensu da gonakinsu, amma kundin tsarin mulkin 1919 ya soke musu gata, laƙabin ya koma ɓangaren suna kawai.

Mafi yawan manyan fadojin suna hannun gwamnatocin jihohi, sun zama gidajen tarihi. Da yawa kuma bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun cinye su. Babban ɗakin karagar Munik da na ba Malam Sa'idu labari ya ƙone a 1944, gurbinsa yanzu zauren kiɗa ne, mutum-mutumin goma sha biyun dai sun tsira. Fadar Balin ta ƙone a 1945, gwamnatin 'yan gurguzu ta Jamus ta Gabas ta ƙarasa ta da nakiya a 1950. An sake gina fuskarta ta waje, aka buɗe ta a 2021 a matsayin gidan tarihi, amma ba a mayar da ɗakin karaga ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Diresdin. Agusta Mai Ƙarfi, wanda ya haɗa mulkin Saksoni da sarautar Polan, ya shirya ɗakunan karɓar baƙi a 1719 don bikin ɗansa da 'yar Sarkin Daular da ke Biyana, babban birnin Ostiriya. Ɗakunan a jere suke, wannan yana buɗewa cikin wancan, kuma iya inda aka bar baƙo ya kai, iya matsayinsa ke nan. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, kin san akwai mai tsayawa a zaure, akwai wanda ake shiga da shi soron ciki. A ɗakin karagar an lulluɓe bango da jan karan-miski da sakar zare na zinariya. A rufin kuma aka zana Harkulis, jarumin tatsuniyar Girkawa, yana tunkuɗo miyagun halaye zuwa ƙasa. Ba sai an faɗa wa baƙo wane ne Harkulis ɗin ba, tunda mai gidan ana cewa da hannu yake karya takalmin doki na ƙarfe. Duk wannan ya ƙone a daren 13 ga Fabrairun 1945. Amma an riga an kwashe wasu daga cikin kayan adon an ɓoye, sai aka bi tsofaffin hotuna da takardu aka sake gina ɗakunan, aka buɗe su a Satumbar 2019, shekara 300 cif bayan bikin.

Abin da ke ci mini rai a nan: su da suka kori sarakunansu suna kashe kuɗi su mayar da ɗakunan yadda suke, mu da namu suke nan daram muna rushe soron ƙasa mai shekara ɗari mu kafa bulo da tayil, mu ce an yi gyara.

TAMBAYA: Malam, Allah ya gafarta. Wani Babarbare abokin cinikina a kasuwar Maigatari ya ce mini wai Sarkin Jamus ya taɓa aiko wa Shehun Borno kujerar sarauta a kan raƙumi. Na ce masa zancen kasuwa ne, muka yi ta musu. Wa ya fi gaskiya? Daga Alhaji Isyaku, dillalin shanu, ƙasar Gumel.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma, wannan karon kai za ka sayi goro. Abokinka ya fi ka gaskiya, sai dai gyara ɗaya: mai aikowar a lokacin Sarkin Purusiya ne, Wilhelm na Ɗaya, bai zama Kaisan Jamus ba sai bayan wata shida da isar kayan.

Dalilin kyautar shi ne Shehu Umar, ɗan Shehu Laminu, ya sha saukar matafiya Jamusawa a Kukawa yana kyautata musu. Sanannensu shi ne Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya shigo Kano a Fabrairun 1851, da zai tafi Borno kuma ta Gumel ɗinku ya bi. Bayansa wani mai suna Rohlfs ya sauka Kukawa a 1866, shi ne ya koma gida ya ba da shawara a yi wa Shehu tukuici. Aka damƙa kayan a hannun wani likita, Gustav Nachtigal, wanda a hanya ake kiransa Idris Afandi. Ya tashi daga Tarabulus a farkon 1869, ya daɗe a Murzuk yana jiran ayari, ya yi ratse zuwa duwatsun Tibesti inda da ƙyar ya sha, sai a Yulin 1870 ya iso Kukawa. A cikin kayan akwai karaga mai ruwan zinariya da jan karan-miski, da manyan hotunan Sarki da matarsa Agusta da yarima mai jiran gado, da bindigogi na zamani, da agogo. Duka a kan raƙuma suka ƙetare Sahara.

A al'adar masu aikowa, ba a ba mutum karaga sai wanda aka ɗauka sarki ne kamar kai. Amma wannan Nachtigal ɗin dai, bayan shekara 14, a 1884, shi ne ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru, kuma a farkon ƙarni na 20 wani yanki na Borno, ɓangaren Dikwa, ya faɗa hannun Jamus.

Ka ƙara wa abokinka da wannan, don kada ya ce shi kaɗai ya san labari: akwai karagar da ta yi tafiyar akasin haka. A ƙasar Bamun ta Kamaru, birnin Fumban inda fataken Hausawa suka daɗe da zama, akwai Sarki Njoya, wanda ya ƙirƙiro wa mutanensa haruffan rubutu na kansu. A 1908 karagar da ya gada daga mahaifinsa, mai suna Mandu Yenu, ta tafi Balin a matsayin kyauta ga Kaisa Wilhelm na Biyu. Ta itace ce, an lulluɓe ta kaf da duwatsun ado masu launi da wuri. A bayanta siffar mutum biyu ne a tsaye, namiji da mace, a jikin mazaunin akwai maciji mai kai biyu, alamar masarautar, a wurin ɗora ƙafa kuma dogarai biyu riƙe da bindiga. Njoya ya sa an yi wata irinta, ita ce ta zauna a Fumban. Har yau ana jayayya a kan ko kyauta ce ta son rai, ko kuwa irin kyautar da mai rauni yake yi wa wanda ya zo masa da sojoji. Ta asalin tana nan a fadar Balin da aka sake ginawa, cikin kayan kallo. A 2023 Sarkin Bamun na yanzu, tattaɓa-kunnen Njoya, ya kai ziyara gidan tarihin, ya hau ya zauna a kanta.

Mai tambaya daga Kazaure a kan maganin gara a jikin azara, wasiƙarka ta iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.